Gadon Hawa da Gadon Sana'a: Shin Gwanintar Aiki a Sama Ta Ja Baya a Ƙasar Adar?

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauko kukan da dattawan magina ke yawan yi, cewa yaran yanzu ba su iya ɗaura abin hawa ba, ta auna shi da tarihin gini a Badagishiri da maƙwabtanta na gundumomin Illela, Malbaza da Birnin Ƙwanni. Abin da take son tabbatarwa shi ne ɗaurin abin hawa bai taɓa zama sana'a mai zaman kanta a ginin ƙasa ba, domin bango da kansa shi ne matakin magini. Siminti ne ya haifo wannan buƙata, ya kuma bar ta marainiya: babu maigida mai koyar da ita, babu lada a kanta, babu mai amsa tambaya ranar da ta karye.

Gabatarwa



Abin da zan yi magana a kai shi ne itatuwa ko ƙarafan nan da ake kafawa a jikin gini, a shimfiɗa katako a kansu, magini ya hau ya yi aiki inda tsawonsa bai kai ba. Ma'aikatanmu na Nijar sun ari sunan daga Faransanci suna cewa eshafodaj, na ƙetaren iyaka kuma sun ari na Ingilishi. Ni zan kira shi gadon hawa, saboda kamarsa da gado: ƙafafu a tsaye, sanduna a kwance, shimfiɗa a sama. Ina roƙon a lura da wannan aron suna daga harsunan waje. Maginin Hausa yana da tubali da azara da makuba da indararo da zanko da tulluwa da ɗaurin guga, kowane da sunansa na gida, yana da tsani da kwaranga. Amma idan aka zo kan abin da mutum biyar za su tsaya a kai a hawa na biyu, sunan aro ne ke yawo a bakin masu aiki. Bahaushe ba ya ƙyale abin da ya daɗe da shi babu suna.

Duk wanda ya zauna da tsofaffin magina ya san kukan. Su ce a da ba a jin labarin faɗowa, yanzu kuwa yaro zai kafa itace huɗu, ya buga ƙusa biyu, ya ce a hau. Ba na raina wannan kuka, don akwai gaskiya a cikinsa. Sai dai ina ganin an ɗora laifin a inda ba nan yake ba.

Bango shi ne mataki

Ina yaro na ga yadda ake tayar da katangar gidan kakana, kuma har yau hoton bai bar idona ba. Maginin yana zaune a kan bangon kamar mai hawan doki, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Yaronsa na ƙasa yana jefa masa tubali, ya cafe da hannu biyu, ya dasa shi a tsaye, gindi ƙasa, tsini sama. Sai curin kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya biyo baya, ya cafe, ya maka a tsakanin tubalan, ya shafe da tafin hannu, sannan ya ja da baya kaɗan. Haka yake tafiya da baya da baya har ƙarshen bango. Idan ya ɗora ƴan layuka sai ya sauko, a bar wurin ya sha rana, gobe ko jibi a dawo. Babu katako ko ɗaya a wurin in ban da tsanin da ya hau da shi.

Abu uku ne suka sa hakan ya yiwu. Bangon ƙasa yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake tashi, don haka akwai wurin zama kuma nauyi yana ƙasa. Ana gininsa daki-daki, ba a hawa sai na jiya ya bushe. Sannan kayan aikin duk abin jifa ne, ba ya buƙatar wurin ajiya a sama. Masu binciken ginin Hausa irin su Moughtin da Dmochowski sun bayyana wannan salo a arewacin Najeriya, kuma shi ne dai muka gani da idonmu a Adar.

Inda gini ya yi tsawon da ya wuce zama a kan bango, sai magabata suka shigar da matakin cikin ginin. Hasumiyar masallacin Agadas, wadda ta kai mita 27, tana da sanduna da suka fito daga jikinta ta kowane gefe. Baƙo yana ganinsu ado, magini kuwa ya san su ne abin takawarsa ranar yaɓe. Haka babban masallacin Jenne a Mali, wanda ginin yanzu ya tsaya tun 1907, gungumen giginyar da ke jikinsa su ke ɗaukar masu yaɓen shekara. Wanda ya tsara ginin ya riga ya tuna da wanda zai hau gyara bayan ya mutu.

Rufin baka ma haka yake. Ba a kafa masa wani ƙwarangwal a ƙasa don ya tallabe shi. Ana dasa azara a cikin bango, a ɗan karkato da ita ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe, sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. Da irin wannan hikima Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A nan ana buƙatar abin takawa daga ciki, amma mai ɗaura azarar rufin shi ne mai ɗaura abin da zai taka. Igiya ɗaya ce, hannu ɗaya ne, kuma ransa ne a kai.

Yama

Ba sai mun je nesa ba. A cikin ƙaramar hukumar Badagishiri garin Yama yake, kuma masallacinsa na Juma'a ya kai sunan Adar inda ba a taɓa jin sa ba. A 1962 mutanen garin suka damƙa aikin a hannun Falke Barmu, magini kuma manomi. Gari ne ya yi ginin: masu buga tubali, masu ɗebo ruwa, masu kawo itace. A 1975 aka sake rufin, aka shigar da bakuna da tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 aka tayar da hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gini.

Shekara 20 ke nan tsakanin tushe da hasumiya ta ƙarshe, kuma wannan shi ne abin da nake so a riƙe. Yaron da ya fara da ɗebo ruwa a 1962 ya zama magidanci kafin a gama. Ya ga bango yana tashi, ya ga rufi ya gaji an sauke shi, ya ga maigida yana zaɓen itace yana ƙin wani. Ba a zaunar da shi an ce yau darasin hawa za a yi ba. Ya fara hawa kan bango mai tsawon ƙirji, shekara ta zagayo ya hau na rufi, sai da ƙafarsa ta saba sannan aka bar shi ya kusanci hasumiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a aikin baka wannan magana ba karin magana ba ce kawai.

A nan ne kuma ya kamata mu yi hattara da awonmu. Idan dattijo ya ce aikin da ya fi na yanzu, Yama yake nunawa, ko wani soron da ya tsaya shekara 60. Waɗanda suka zube a daminar farko ba sa nan balle su ba da shaida. Muna gwada zaɓaɓɓen jiya da gama-garin yau. Gadon hawa kuwa ya fi kowane ɓangaren gini saurin ɓacewa, ana gama aiki ake kwance shi.

Abin da siminti ya zo da shi

Masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki cikin shekarun 1960, wato kusan sa'ar masallacin Yama ce. Hanyoyi biyu na gini sun tashi tare a yanki ɗaya. Amma siminti bai mamaye gidajen talakawa ba sai da kuɗin ƴan ci-rani ya fara shigowa. Adarawa sun daɗe da sanin hanyar Abijan da Legas da Libiya da Aljeriya, kuma farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya ƙara tura samari waje. Wanda ya samu, alamar farko ita ce ɗakin bulo da rufin kwano. Daga baya shaguna a bakin kwalta, daga Tsarnawa zuwa Tawa, sannan bene.

Bangon bulo ya rushe duk sharuɗɗa ukun da na ambata. Kaurinsa santimita 15 ne ko 20, babu wurin zama. Ana tayar da shi cikin yini ɗaya alhali kwaɓin bai kama ba, wanda ya jingina da shi ma yana iya ture shi. Bulo kuma ba abin jifa ba ne, dole a tara shi a sama kusa da magini. Ga filasta da fenti da ke buƙatar a kai hannu ko'ina a fuskar bango. Ga zubin kankare, wanda sai an tokare shi da dajin sanduna na makonni kafin ya ɗauki kansa. Dare ɗaya magini ya wayi gari yana buƙatar gini na biyu a gefen gininsa, wanda ubansa bai taɓa koya masa ba don shi ma bai buƙace shi ba.

Bari in faɗi abin da na gani a wani aikin bene a bakin hanya, a yankin da muke magana. Sandunan turare ne aka kafa, sun sha rana har sun tsattsage. Ƙafa ɗaya tana kan rabin bulo, wata a cikin yashi. Sandunan kwance an buga su da ƙusa, an ƙara da wayar ɗaurin rodi. Babu sanda ko ɗaya da aka gicciya, babu inda aka ɗaure gadon da bango. A sama katako biyu ne, ɗaya ya leƙo waje da fiye da kamu, ba a danne shi ba. Magini da yaronsa suna kai, gefensu bulo wajen ashirin da kwanon kwaɓi. Bulo ɗaya ba ya kasa kilo 12. A haɗa da mutum biyu da kwaɓi, an doshi kilo 400 a kan katakon da ba a auna ba. Duk lokacin da yaron ya taka, gadon gaba ɗaya sai ya yi lilo. Na tambayi wanda ya ɗaura, aka nuna mini wani saurayi mai kwaɓa siminti a ƙasa, wanda watansa na biyu ke nan a aikin gini. Shi ba ya hawa.

Wannan saurayi ba sakarai ba ne, kuma ba malalaci ba ne. Ba a taɓa gaya masa cewa murabba'i yana karkacewa, kusurwa uku kuwa ba ta karkacewa, don haka sandar gicciye ce ran gadon. Ba a gaya masa ƙafa tana son faffaɗan katako a ƙarƙashinta don kada ta nutse idan ƙasa ta jiƙe ba. Ba a nuna masa yadda ƙusa ke tsaga busasshen turare ta ciki inda ido ba ya gani, alhali igiya idan ta saki ana gani a ƙara ɗaurewa. Ba a ce masa tsani yana son gindinsa ya ja baya da mita ɗaya a kowane mita huɗu na tsawo ba. Duk wannan ilmin kwana kaɗan ne. Ya rasa mai faɗa masa.

Dalilin yana cikin yadda ake biyan kuɗi. Yawancin aiki jinga ne: kaza a kan bulo, kaza a kan ɗaki. Sa'o'in da magini zai ɓata yana ɗaurin gado ba sa cikin lissafi, don haka yake tura wanda lokacinsa ya fi araha. Mai gini sau da yawa yana ƙasar waje, waya ce tsakaninsa da aikin, hoton bango yake son gani. Kuɗin hayar katako a idonsa asara ce, tunda ba zai kwana a ciki ba. Idan aka faɗo, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a kai wanda ya karye wajen mai ɗori, a ci gaba da aiki da gadon da ya kayar da shi. Na yi imani da ƙaddara kamar kowa. Amma rabin bulo a ƙarƙashin ƙafar gado hannun mutum ne ya sa shi.

Abin da ya ragu da abin da ya ƙaru

Akwai ilmin da ya ragu da gaske, kuma na farko shi ne sanin itace. Tsohon magini yana ƙwanƙwasa azara ya ji sautinta, ya san ta namijin giginya ce ko ta mace, ya san wadda gara ba za ta ci ba. Giginya ta yi nisa, sai Dallol Mawri can wajen Gaya, kuma sarar itace tana ƙarƙashin dokar daji ta 2004. Abin da ke kasuwa turare ne da dogon yaro da farin katakon kudu. Yaro ba zai san itacen da bai taɓa riƙewa ba. Na biyu shi ne ɗauri. Hannun da ya tashi yana ɗaura rumbu da tankar ɗaki da gugar rijiya ya san ƙulli iri-iri, hannun yau waya da ƙusa ya sani. Na uku, wanda ya fi ci mini rai, shi ne tsawon zaman koyo. Yaro yana yin damina a gona, rani a wurin gini, shekara biyu ya sayi cokalin gini da ma'aunin ruwa ya zama maigidan kansa. Ba na ganin laifinsa, bakin da ke jiransa a gida ba ya jiran shekara goma.

Sai dai maginin yau ya san abubuwan da kakansa bai sani ba. Yana karanta zane, yana ɗaura rodi, yana haɗa akwatin zubi, yana fitar da kusurwa daidai da igiya da ma'auni. Waɗanda suka yi aiki a manyan kamfanoni a Yamai ko Abijan ko Aljeriya sun hau gadon ƙarfe mai maƙalai, sun sa hular kwano da ɗamara. Suna dawowa gida da wannan sani, su tarar babu kayan, babu kuma mai biyan lokacin.

Shaidar da ta fi ƙarfi a wurina cewa hannu bai mutu ba tana Dandaji, a nan jihar Tawa. Tsohon masallacin garin aikin Falke Barmu ne. Da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara cibiyar Hikma, wadda aka kammala a 2018, sun mai da tsohon masallacin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa na matsi, kuma suka jawo maginan gargajiya cikin aikin. Haka shirin gini ba itace, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara a Cikal a 1980, ya koya wa manyan magina tayar da tulluwa da baka da tubali zalla, salon da ba su gada ba. Inda aka samu mai koyarwa da mai biya, maginin Nijar yana ɗaukar sabon abu, ko da furfura a kansa.

Yadda wasu suka yi

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Ingila ma da itace da igiya ake ɗaurin gado har farkon ƙarni na 20, lokacin da Daniel Palmer Jones ya fito da maƙalin ƙarfe, daga baya bututun ƙarfe ya maye gurbin itace. Abin da ya fi ƙarfen muhimmanci shi ne sun mai da aikin sana'a mai matakai, mai katin shaida. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 62 kan tsaron masu gini tun 1937, ta sabunta da mai lamba 167 a 1988. Ginshiƙin maganarsu shi ne a kafa gado a ƙarƙashin kulawar wanda ya san aikin, a kuma duba shi kafin a hau. A Hong Kong an yi shekaru ana lulluɓe dogayen benaye da gora, masu ɗaurin kuwa masu rajista ne. Don haka ba na goyon bayan masu cewa sai mun jira ƙarfe. Sandar turare mai lafiya a hannun wanda aka koya wa ta ishi bene mai hawa biyu.

Wa zai zama uban wannan sana'a?

Nijar tana da dokar ƙwadago ta 2012, amma sufeton aiki da ke Tawa ko Ƙwanni ba zai zagaya kowane lungu da ake ɗora bulo ba, kuma yawancin waɗannan ayyuka babu takarda a cikinsu. Ina ganin hanyar da ta fi kusa tana cikin abin da muke da shi. Akwai cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, akwai asusun FAFPA da aka kafa don horon masu sana'a. A ware mako biyu na rani a kan gadon hawa kaɗai, a fili ba a aji ba, a kafa a kwance har hannu ya saba. A haɗa mutum biyu su koyar: dattijon da ya san itace da ƙulli, da ɗan ci-ranin da ya hau gadon kamfani. Kowanensu yana riƙe da rabin abin da ake nema.

Masu ba da hayar sanduna da katako su ne na fara tunawa a matsayin ɗalibai, domin kayansu ne ke yawo daga aiki zuwa aiki, kuma su ne suka san sandar da ta tsage. Idan mai haya ya zama shi ne mai kafawa, da sunansa a kan aikin, an samu wanda za a tambaya. Shugabannin magina, ko sarkin magina inda sarautar take da rai, su tsayar da cewa kuɗin gado layi ne daban a cikin jinga, kamar yashi da ruwa, don kada ya fito daga aljihun magini. Magajin gari kuma yana iya farawa da nasa: duk ajin makaranta ko ɗakin shan magani da ƙaramar hukuma ta bayar, a rubuta sharaɗin a cikin kwangila.

Sharaɗi na ƙarshe daga tsohon gini na ɗauko shi, kuma ba ya cin ko dala. Wanda ya ɗaura gadon shi ne zai fara hawa, ya taka shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan a gaban maigida, kafin a miƙa bulo na farko.